Bangon da Ya Ƙi Shan Fenti

Asabar, da hantsi

Dillali ya zo ya tafi. Mutum ne mai son jin muryar kansa. Ya zaga falo yana cewa madalla, ya leƙa ɗakuna yana cewa madalla, da ya sa ƙafa a kicin sai madallar ta ƙare. Ya ja marfin kabad ɗin sama, marfin ya biyo hannunsa. Ya tsaya riƙe da shi kamar wanda aka miƙa wa jaririn da ba nasa ba.

"Hajiya, namiji ke biyan kuɗin gida, amma mace ke sayensa," in ji shi. "Ita kuwa nan za ta fara shigowa. Ki ɗan shafa masa hoda."

Na ce da me zan sayi hodar? Ya ce ai ba sai an rushe ba, fenti, marafe, ɗan tayil a bayan murhu, shi ke nan. A bakinsa komai shi ke nan ne.

Gidan nan a hawa na biyu yake, matakalar doguwa ce mai kwana. Tun ranar nan da maigidan ya faɗi a kwanar, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, kowa ya san zamanmu a nan ya ƙare. Za a sayar, a nemi ƙarami a ƙasa kusa da Yaya, yayar maigidan, inda yake zaune tun da aka sallamo shi daga asibiti. An yi maganar a gabansa, ni da Yaya, da 'yarmu ta waya. An tambaye shi ko ya yarda. Bai ce komai ba.

Abin dariyar shi ne kicin ɗin ba nawa ba ne. Tun ina jegon yarinyar nan ya shiga da sunan taimako, bai sake fitowa ba. Da rana yana shago yana gyaran agogon mutane, da yamma ya ɗaura zani a kan wando ya hau yankan albasa. Maƙwabta sun yi gulma har sun gaji sun koma aiko da kwano. Ni na sa masa suna Duba-gari, don ba ya wuce tukunya bai ɗaga ya leƙa gindinta ba. Yanzu ni ce zan gyara masa daular tasa don wata ta zo ta gada.

Asabar, bayan la'asar

Na je. Ya sha shayi rabin kofi. Na faɗa masa yadda marfin ya biyo dillali, har na kwaikwayi fuskar mutumin. Yaya ta yi dariya. Shi bango yake kallo.

Likita ta ce maganar tana nan, ba ta tafi ba, sai dai ya yi ta gwadawa. Ba ya gwadawa. Wannan ne abin da ke cina, ba gidan ba.

Litinin, da safe

Kafinta ya zo. Siriri ne, fensir a bayan kunne, ba ya magana sai ya ƙwanƙwasa katako tukuna. Ya bi kabad-kabad ɗin yana ƙwanƙwasawa kamar mai zaɓen kankana. Ya ce jikinsu lafiya lau, marafen ne suka tsufa, a bar gangar jikin a sake fuska. Na ce haka ake yi wa mutum ma in da hali.

Mun yi ciniki har sai da ya cire fensirin ya mayar sau biyu. Ya ce, "Hajiya, ke malamar lissafi ce?" Na ce ta ƙananan yara. Ya ce shi ya sa ba ni da tausayi. Mun daidaita a kan zai yi marafe da falankin da ya rage masa daga wani aiki, ni zan nemo mariƙai, fenti kuma ni zan shafa da hannuna.

Litinin, bayan azahar

Na kwashe kayan ciki. Ban san zai yi min wuya haka ba. Kowace kwalba fuskarta na kallon gaba, manya a baya, ƙanana a gaba, kamar yara a layin asuba. Cokula gefe ɗaya suke kallo. Wuƙaƙensa a nannaɗe a tsumma, kowace da gurbinta. Na tarar da ludayin da ya ce ya ɓata, na sha faɗa a kansa, ashe faɗawa ya yi bayan aljihun tebur. Na ɗaga shi na ce, "To ga shi nan, wa ya yar?" Ni kaɗai a ɗaki ina neman a ba ni haƙuri.

Haushinsa nake ji yau. Na rubuta don ba wanda zan faɗa wa.

Talata, da yamma

Na je. Bai ce komai ba.

Alhamis, da hantsi

Jiya na yini a layin 'yan gwanjo. Tayil sabo ya fi ƙarfina, sai wani dattijo ya nuna min ragowar da ake kwasowa daga manyan gine-gine, farare, amma farin ba iri ɗaya ba ne. Ya ce in an jera su ba mai ganewa sai mai neman rigima. Na ce mai neman rigimar nake aure. Mariƙai kuma na samu na wani tsohon kabad na asibiti ko na otal, ban tambaya ba, ƙarfe ne mai kyau, wanki kawai yake so. Da na lissafa abin da na kashe, bai taka kara ya karya ba. Na dawo ina jin kaina kamar wadda ta ci gasa.

'Yar Baba ta kira daga makaranta. Haka muke kiranta, kuma ta ci sunan. Ta ce za ta ajiye jarabawa ta zo ta taya ni. Na ce in ta kuskura sai na shafe ta da fentin. Ta ce, "Mama, ya yi magana?" Na ce yana samun sauƙi. Ta san ba abin da ta tambaya ke nan ba.

Alhamis, gab da magariba

Yaya ta yi ɓaranɓarama. Ina ba ta labarin aikin, sai ta ce in daina wahalar da kaina ni kaɗai, in nemi mai taya ni, ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maganar na fita ta ji abin da ta faɗa. Ta kalli hannun da ke yashe a kan cinyarsa, ta kalle ni, ta tashi wai ta bar ruwa a wuta. Babu wani ruwa a wuta.

Ya ja bargo da ɗayan ya rufe.

Asabar, bayan la'asar

Na shafa fenti. Ruwan madara, shi ne mai araha kuma dillali ya ce shi ke sa ɗaki ya yi faɗi. Na ɗaura tsohon ɗankwali, na hau kujera, na fara daga bangon murhu don shi ya fi baƙi. Abin da daɗi ashe. Kana jan buroshi, shekaru suna ɓacewa. Kafin azahar na gama shafi na farko, na ci burodi a tsaye, na ƙara na biyu. Kafaɗata kamar an doke ni da taɓarya, amma da na tsaya a bakin ƙofa na kalli ɗakin sai na ji ina murmushi. Rabon da in yi abu ya fito daidai tun kafin ranar nan.

Lahadi, da safe

Na shiga sau uku don kawai in kalla. Na iya ashe.

Talata, da hantsi

Bangon murhu ya kware. Da farko ƙuraje ne ƙanana, na taɓa ɗaya da farce sai ya biyo ni, na ja, ya taho salala kamar fatar tumatir da aka zuba wa ruwan zafi. Daga murhu har saman taga. Sauran bangayen lafiya lau, shi kaɗai ya ƙi. Rabin bokitin fenti ya tafi a banza, kuma ba ni da na sayen wani cikakke.

Na zauna a ƙasa cikin ɓawon fenti na yi kuka. Ban yi a asibiti ba, ban yi ranar da aka rufe shago ba, sai a kan bango. Allah Ya shirye ni.

Talata, bayan la'asar

Bari in rubuta kafin in fara shakkar kunnena.

Na je da jan ido. Yaya ta tambaya, na ce mai fenti ne ya cuce ni, ya sayar min da jabu. Ta ce 'yan kasuwar yanzu ba tsoron Allah, gobe mu je tare ta ci masa mutunci. Muna ta zagin bawan Allah, na ce abin mamaki bango ɗaya ne kawai ya ƙi, na bayan murhu. Sai muka ji daga gado:

"Maiƙo."

Muryar a shaƙe, bakin ya ɗan ja gefe, amma ba mai cewa bai ji ba. Yaya ta dafe ƙirji. Ni na daskare. Bai juyo ba, bangon yake kallo, amma kunnensa ya yi ja yadda yake yi in an bar masa tukunya a jiƙe.

Na ce, "Me ka ce?"

Ya daɗe yana kokawa da ita. "Ba ki... wanke ba."

Shekara da shekaru yana suya a gaban bangon nan, ni kuma na zo na shafa fenti a kan mai. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban murhu ya san wannan, ni ce dai ban taɓa tsayawa ba. Makonni muna lallashi, muna addu'a, muna kawo masa jikokin Yaya, bai tanka ba. Ashe wautata yake jira.

Na fito tsakar gida na rungume Yaya. Ta ce, "Oh ni, kalmar farko maiƙo. Ko sunan Allah bai fara da shi ba."

Laraba, da yamma

Na koma da tambaya. Da me ake wankewa? Ruwan zafi. Sai me? Garin sabulu. Na ce da tsumma? Ya rufe ido kamar na zage shi. Soso, na ƙarfe. A ɗauraye. A bari ya bushe. Kalmomin suna fitowa ɗaya ɗaya, yana hutawa tsakani, gumi a goshinsa, amma bai bari na tafi da kuskure ba.

Na kankare bangon yau. Ruwan da ya sauko baƙi ƙirin. Yatsuna sun yi yaushi, ban damu ba.

Juma'a, da hantsi

Jiya na je da labarin bangon ya bushe tas. Ya gyaɗa kai. Shi ke nan, ya koma kallon bango. Na ba shi labarin makaranta, na maƙwabta, na 'Yar Baba. Ko uffan.

A hanyar dawowa na gane. Mutumin nan labari mai daɗi ba ya tashinsa. Gyara ke tashinsa.

Da kafinta ya zo ɗaura marafe na ce ya sa min mariƙi ɗaya a karkace, ɗaya kuma a kife, in ɗauki hoto, sannan ya gyara. Ya cire fensir ya kalle ni.

"Hajiya, ni fa da sunana a garin nan."

Na yi masa bayani a taƙaice. Ya ƙwanƙwasa katako ba dalili. Sai ya ce, "In dai haka ne ki bari in karkata shi da kyau. Amma hoton nan kada ya wuce wayarki, don girman Allah."

Juma'a, bayan la'asar

Dabarar ta ci. Na miƙa masa wayar ina cewa duba yadda suka yi kyau. Ya ƙura ido, ya matso da ita, ya ce, "Wane... makaho ne?" Jimla guda, har da zagi. Yaya ta fita da gudu don kada ta tona ni da dariya.

Asabar, da yamma

Na ce zan mayar da murhu ƙarƙashin taga. "Iska," in ji shi. "Wuta. Labule." Uku.

Litinin, da yamma

Na jera tayil a ƙasa, na sa mai duhun a tsakiya da gangan, na kai masa hoton. Ya sa na kawo masa guda shida a jaka, ya baje su a kan bargo, ya jera su da hannun hagu daga mai haske zuwa mai duhu. Ya ce masu duhun su tafi ƙasa inda kantar girki za ta rufe. Da aka manna su haka, wallahi ba ka ce ba kwali ɗaya suka fito ba. Ya ci abinci yau ba a roƙe shi ba, yana ci yana hararata.

Ina ta ƙirƙiro shirme kamar mai shirya darasi. Yaya ma ta shiga, ta ce in ce zan shafa wa rufi kore. Na ce kada mu yi yawa, mutumin ba yaro ba ne.

Laraba, gab da magariba

Na yi yawa.

Na ɗauko katakon da yake yanka a kai, wanda ya ce ko ruwa ba a bari ya kwana a jikinsa, na ɗora gwangwanin fenti a kai da buroshi a gefe, na ɗauki hoto. Ban ɓata shi ba, na shimfiɗa leda a ƙarƙashin gwangwanin. Da ya gani sai ya kai hannu zai fizge wayar. Ba da hagun ba. Ya manta. Wayar ta faɗi, kofin da ke gefe ya bi ta.

Ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya juya.

Na tsince fasassun kofin. Na ce wasa nake, katakon na nan lafiya. Na faɗa sau biyu. Garin gyaran gira na tsone ido.

Alhamis

Bai ce komai ba.

Juma'a

Bai ce komai ba. Abincin ma an dawo da shi.

Lahadi, da hantsi

Na daina. Ba hoto, ba shirme. Ina zuwa in gaishe shi, in zauna, in tashi. Tsoro nake ji, irin wanda ban ji ba ko a motar asibiti, don wancan ba ni na jawo ba.

Kicin ya kusa gamawa. Bangon murhu ya sha fenti ya kwanta lumui. Na tsaya a bakin ƙofa ban ji komai ba.

Litinin, bayan azahar

Kamar bai isa ba, ruwa. Na shigo na tarar da kabad ɗin ƙasa ya jiƙe, sabon marfin ya fara kumbura. Na kira mai gyaran famfo, wani gajere mai tumbi, ya kwanta ya leƙa, ya tashi ya ce bututu ne ya fashe a cikin bango, sai an fasa tayil an bi shi. Na ce tayil ɗin da aka manna makon jiya? Ya ce ruwa bai san makon jiya ba. Abin da ya yanka min ko na sayar da ɗankunnena ba zai kai ba, kuma dillali zai kawo masu gani ranar Asabar.

Na rufe ruwan gidan gaba ɗaya, na ce ya ba ni zuwa gobe. Na faɗa wa Yaya a ƙofar gida, na ce kada ta bari ya ji. Zai ɗauka wani wasan ne.

Talata, da safe

Yaya ba ta iya riƙe magana ba tun tana yarinya, shi da kansa ya sha faɗa min. Da sassafe ta kira.

"Ki zo. Tun asuba yake fama da ni, yana ta nuni da hannu, wai baya, wai ƙasa, wai roba, na rasa gane kansa. Ya yi fushi ya buga gado. Yanzu kuma ya ce a ba shi rigarsa."

Na ce rigar me?

"Ta fita. Cewa ya yi a kai shi."

Talata, bayan la'asar

Tun da aka sallamo shi bai taka ko ƙofar gidan Yaya ba. Yau ya shiga mota.

A gindin matakala muka tsaya. Ban yi tunanin wannan ba sai da muka iso. Kafinta, da ya zo duba marfin da ya kumbura, ya kalli mai famfo, mai famfo ya kalli tumbinsa, sai kafinta ya hau ya sauko da kujerar roba. Suka zaunar da shi, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Mai famfo yana nishi yana cewa, "Alhaji, ashe jinyar ba ta ci naman ba." Da suka zo kwanar ni na kalli sama. Ban san inda shi ya kalla ba, kuma ba zan tambaya ba.

Suka sauke shi a tsakiyar kicin. Bai kalli fenti ba, bai kalli marafe ba. Ya nuna kabad ɗin ƙasa da sandarsa, ya sa aka cire katakon bayansa, wanda duk muka ɗauka a kafe yake, ashe zamewa yake yi gefe. A bayan akwai rami daidai shigar hannu, da mahaɗar bututu biyu. Wata 'yar roba ce a tsakani take cinyewa. Shi yake canja ta lokaci lokaci, bai taɓa faɗa wa kowa ba, don a ganinsa ba labari ba ne. Ajiyar robobin ma na nan a rataye a ƙusa cikin ramin.

Mai famfo ya canja, aka buɗe ruwa, muka tsaya muna kallo kamar masu jiran wata. Ko ɗigo. Ya ce shi dai a ba shi kuɗin mota da na ɗaukar Alhaji.

Sai a lokacin maigidan ya ɗaga kai ya bi ɗakin da kallo, a hankali, bango bango. Na riƙe numfashi. Ya tsaya a kan bangon murhu. Ya ce a matsar da kujerarsa kusa. Ya shafa da bayan yatsu, ya duba yatsun.

"Ba laifi," in ji shi.

A bakin Duba-gari wannan lambar yabo ce. Ban taɓa samu ba sai yau.

Asabar, da yamma

Sun zo, miji da mata, ba su daɗe da aure ba, tana da ciki. Dillali yana ta zuba, ba wanda ke jinsa. Ita kai tsaye kicin ta shiga, ta buɗe marafe ta rufe, ta buɗe famfo, ta tsaya a gaban murhu ta miƙa hannu ta ga komai na kusa. Ta ce, "Wadda ta tsara nan ta san girki." Na ce sosai ma. Na nuna wa mijin katakon da ke zamewa da robobin, na ce amana ce aka ba ni in isar.

Sun ce suna so. Dillali ya ce ai ya faɗa min, hoda ce kawai.

Na ɗauka zan ji ciwo. Na ji, amma kaɗan, irin na cire ƙaya.

Lahadi, bayan la'asar

Yaya ta tafi unguwa ta bar mu. Na kai masa labarin masu sayen, ya saurara, ya tambayi ko yarinyar ta ga wurin rataye ludayi. Maganar tana tafiya tana tsayawa kamar tsohuwar mota, amma tana kaiwa.

Na ga yau ce ranar da zan nemi gafara a kan katakon. Na fara, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Mariƙin nan," ya ce. "Na kife."

Na ce wanne?

"Ramin ƙusa... biyu ne. Na daidai yana nan a ƙasa. Na gani a hoton."

Na ji kunya ta rufe ni har wuya. Na ce tun ranar ka sani? Ya gyaɗa kai. Da murhun? Da tayil? Ya gyaɗa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana leƙen cikin agogo, ni zan ɓoye wa ramin ƙusa.

Na ce, "To me ya sa ka biye min?"

Ya daɗe. Na ga yana nemo kalmomin, na hana kaina taya shi.

"Da kina shigowa... kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Kina magana a hankali. Kina gyara min bargo." Ya huta. "Ranar mariƙin kin shigo da fuskarki ta da. Ta neman tsokana. Na ce bari in riƙe ta."

Na juya ina kallon bango. Wannan karon ni ce. Duk makonnin nan ina ganin ni nake janyo shi daga rami, ashe shi ma igiyar yake ja ta nasa gefen.

Na share fuska na ce to yanzu da asiri ya tonu sai yaya? Ya ce gidan da Yaya ta samo, an ce kicin ɗinsa ko kanta babu. Na ce haka ne, jibi za a kai ni in gani.

"A kai mu," ya ce. "Kuma ke za ki riƙe wuƙa. Ni zan zauna."

Na ce ai sai mu kwana da yunwa, ni da ko albasa ban iya yankawa daidai ba.

Ya ce ya sani, shi ya sa zai zauna kusa.